Amsa ga ɗana a Zariya kan batun awon sandunan golf

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Yaya da sauran mutanen gida a Tudun Wada, saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa Jami'ar Dundee ta ba ka gurbin karatun digiri na biyu. Allah ya sanya albarka. Sunan garin Dandi ake furta shi, saboda haka ka yi wa mahaifiyarka bayani da kyau tun yanzu, kada maƙwabta su ji an ce ɗanta ya tafi dandi.

Ka ce ka tara 'yan kuɗi tun kana bautar ƙasa, kuma burinka shi ne da zarar ka sauka Sikotlan ka je a auna ka, a haɗa maka sababbin sandunan golf daidai jikinka, domin waɗanda kake wasa da su a filin Zariya tsofaffi ne da wani dattijo ya ba ka lokacin da kake ɗaukar masa jaka, kuma kana jin nauyin shiga da su ƙasar da wasan ya samo asali. Amsata ita ce awon yana da amfani, kuma ina so ka yi shi, amma ba a watan da ka iso ba. Ka zo da tsofaffin sandunanka, ka yi hunturu ɗaya da su a nan, sannan mu je tare.

Manomi a ƙauyukan Zazzau ba ya ɗaukar duk fartanyar da ya tarar a kasuwa. Yakan duba tsawon ƙotar, ya jijjiga ta ya ji nauyinta, ya dubi yadda bakin ke zama a ƙasa idan ya sunkuya, domin ya san ƙotar da ta dace da gajere ita ce za ta karya bayan dogo kafin azahar. Haka 'yan ƙwallon dawaki, tsawon sandarsu yakan bi tsawon dokin da za su hau. To sandar golf ma ƙota ce da kai da mariƙi, kuma kamfanoni suna ƙera ta ne bisa ma'aunin matsakaicin mutum, alhali kai ka biyo tsawon kakanka. Abin da ake kira awo shi ne a daidaita waɗannan sassa uku da jikinka da kuma salon bugunka.

Idan ka je, mai awon zai fara da tambayoyi: tun yaushe kake wasa, wane ɓangare ƙwallonka ya fi kaucewa, nawa ka ware. Daga nan zai auna tsawonka, ya auna daga wuyan hannunka zuwa ƙasa kana tsaye da takalmi, sannan ya duba girman tafinka domin kaurin mariƙi. Wannan awo na tsaye ya daɗe. Karsten Solheim, injiniyan nan haifaffen Norwe da ya kafa kamfanin ƙera sandunan golf na Ping a 1959, shi ya fito da tsarin ɗigo mai launi a kan sanda a 1972, inda baƙin ɗigo ke nuna ma'aunin gama-gari, sauran launuka kuma ke nuna yawan karkatar da aka yi wa kan sandar. Ka duba naka, idan na Ping ne, ka gaya mini launin.

Amma awon tsaye share fage ne kawai. Ainihin aikin yana farawa ne idan ka soma bugu, galibi da ƙarfe mai lamba 7, ɗaya daga cikin sandunan da ake kira ƙarafa, waɗanda mai ƙaramar lamba ya fi kai ƙwallo nesa, a gaban na'urar da ke bin ƙwallon. Wadda ta fi shahara ita ce TrackMan, ta wani kamfanin Denmak da aka kafa a 2003, tana aiki da rada, akwai kuma waɗanda kyamara ce ke ɗaukar lokacin da kai ya haɗu da ƙwallo. Na'urar za ta nuna gudun kan sandar, gudun ƙwallon, kusurwar da ya tashi da ita, yawan juyawar da yake yi a iska, da tazarar da ya ci kafin ya taɓa ƙasa. Za ka fara da sandarka ta gida domin a sami abin kwatance, sannan mai awon ya riƙa kwance kai yana ɗaura wani, yana sauya ƙota, kana bugawa, har a ga haɗin da ya fi tara ƙwallayenka wuri ɗaya. Awon ƙarafa kaɗai yakan ci kamar awa guda, na jaka duka kuwa ya kai awa uku, kuma gajiyarsa ta fi ta zagaye filin.

Abin da na fi so ka fahimta shi ne kusurwar zama, wato yadda tafin kan sandar ke kwanciya a ƙasa a daidai lokacin bugu. Idan dunduniyar kan ce ta fara taɓa ƙasa, goshin ya ɗaga, ƙwallon mai buga da dama zai nufi hagu. Idan kuma goshin ne ya nitse, dunduniya ta ɗaga, sai ya nufi dama, ko da kuwa bugun ya yi kyau. Dogon mutum da ke riƙe da sandar gama-gari yawanci na biyun ne ke samunsa, kuma ina zargin wannan na cikin dalilan da ka daɗe kana kukan ƙwallonka na gudu dama. Ƙarfe mai lamba 7 na gama-gari tsawonsa kamar inci 37 ne, kusurwar zamansa kuma wajen digiri 62, kuma bambancin digiri biyu kacal ya isa ya kai ƙwallo cikin yashi maimakon kusa da rami. Ana gane wannan ta hanyar manna takarda a tafin sandar a buga a kan wani faifai, ko a ja layi a jikin ƙwallo a ga yadda ya fito a fuskar kan.

Sai batun ƙota. Akwai ta ƙarfe, akwai ta girafayit wadda ta fi sauƙi, kuma ana rubuta musu haruffan L, A, R, S da X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Kada haruffan su ruɗe ka, domin babu wani ma'auni ɗaya da kamfanoni suka amince da shi, S ɗin wani kamfani yana iya zama R ɗin wani. A nan ne na yi nawa kuskuren. Ban cika wata biyu da isowa ba na shiga wani shago a yi mini awo, ina ganin lambobi na fitowa a allo sai zuciya ta ɗebe ni, na riƙa zuba duka da ƙarfin da ban taɓa wasa da shi a fili ba, don kada Bature ya raina ni. Mai awon kuwa abin da ya gani shi ya auna, ya haɗa mini ƙotoci masu tauri da nauyi. Da na fita fili na koma bugun da na saba, sai ƙwallon ya ƙi tashi, na shekara biyu ina fama da su kafin na sayar da su a kan asara. Ƙwararrun gasar Amurka matsakaicin gudun sandarsu mafi tsawo, wadda ake kira direba, ya haura mil 110 a awa, mu 'yan sha'awa kuwa yawancinmu muna wajen mil 90 ne, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Na'ura ba ta san mutumin da kake so ka zama ba, wanda ya tsaya a gabanta ranar nan shi take aunawa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce ka dakata. Bugun da za ka sauka da shi bugun Zariya ne, kuma ba zai kai bazara yadda yake ba. A can, daga hunturu har faɗuwar ruwa, ƙasa fako ce, kun koyi share ƙwallo daga samanta ba tare da sanda ta nitse ba, kuma idan ya faɗi sai ya yi ta gangara yana ƙara muku tazara. Zariya tana bisa tudu, sama da mita 600 daga teku, ga zafi, saboda haka iska ba ta riƙe ƙwallo sosai. Dundee kuwa a bakin teku take, iskar sanyi ce mai nauyi, kuma filayen da ke nesa da gaɓa ciyawarsu jiƙe take yawancin shekara. Sandar da ke kai maka yadi 150 a gida za ka ga ta gaza a nan, kuma jikinka da kansa zai sauya salo, musamman idan ka ɗauki darasi uku ko huɗu wurin mai koyarwa, abin da nake ganin ya fi sabuwar sanda amfani a farko. Ga shi za ka iso ne a Satumba, zuwa Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, filaye da dama sukan sa a riƙa bugawa a kan 'yar tabarma don kare ciyawa, kai kuma kana cikin riga uku. Tela ba ya awon yaron da ke tsakiyar girma ya ɗinka masa babbar rigar da zai shekara goma da ita. Ka bari sai Afrilu ko Mayu, lokacin da yini ya yi tsawo, bugunka kuma ya zauna.

Akwai wata dabarar kasuwa da ya kamata ka sani kafin ranar. A da, fuskar ƙarfe mai lamba 7 tana kwance ne da kamar digiri 34 ko 35, amma yanzu wasu kamfanoni suna miƙe ta zuwa 30 ko ƙasa da haka. Idan ka buga sabuwar sai ka ga ta fi tsohuwarka nisa, ka ɗauka abin al'ajabi ne, alhali lamba 6 ce aka rubuta wa 7. Ka tambayi digirin, kada ka tsaya ga lambar. Kuma kada bugu ɗaya da ya yi nisa ya saye ka. Ka dubi inda goma suka taru. Doka ta ba ka sanda 14 a jaka, amma ba ta ce dole ka cika su ba, abin da ake nema shi ne tazarar yadi 10 zuwa 15 tsakanin kowace sanda da mai bi mata, kuma ɗalibi yana iya rufe wannan da tara ko goma.

Sannan ka gaya wa mai awon inda sandunan za su ƙare rayuwarsu. Ba zai tambaye ka ba, domin bai taɓa ganin fako ba. Gajerun sandunan da ake ɗaga ƙwallo da su kusa da rami, waɗanda kuke ce wa weji, suna da tudu a tafinsu, daga kamar digiri 4 zuwa 14. Mai babban tudu ita ta dace da ƙasa mai laushi, domin tana hana kai nitsewa, amma a kan fako sai ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki ya wuce rami da gudu. Idan niyyarka komawa gida bayan karatu, kamar yadda ka yi wa mahaifiyarka alkawari, ka nemi matsakaici ko ƙaramin tudu. Sandar tura ƙwallo cikin rami kuwa ka bar ta ƙarshe, domin a filayen Arewa da dama wurin rami yashi ne da aka cakuɗa da mai ake lallashewa, hannun da ya saba da shi kuma yana bukatar watanni kafin ya gane santsin ciyawa.

Batun kuɗi ba zan ɓoye maka ba. Kuɗin zama da hukumar biza ke so ta gani a asusunka na wata tara, waɗanda dole su kwana 28 a jere, na haya da abinci ne, kada ka taɓa su don sanda. Bizar ɗalibi ta ba ka awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, amma ta hana ka aikin kanka, ta kuma hana ka koyar da wasa don a biya ka. Na faɗi haka ne saboda ka ambaci ɗaukar jaka a filayen golf na St Andrews ko Carnoustie, waɗanda duka ba su da nisa da Dundee, alhali masu wannan aiki a nan galibi ana lissafa su ne a matsayin masu aikin kansu, don haka kada ka gina lissafinka a kansa. Wasu shaguna suna yin awon kyauta, wasu suna karɓar kuɗi su cire daga farashi idan ka saya, kuma na fi natsuwa da wanda ke da sandunan kamfanoni da yawa a kan mai tallan kamfani ɗaya. Ko ina ka je, ka karɓi takardar sakamakon. Da ita a hannunka kana iya neman na hannu masu tsabta da suka yi kusa da ma'auninka, a lanƙwasa kan idan irin ƙarfen da ke lanƙwasuwa ne, a sauya mariƙi, ka tashi da kuɗi ƙasa da na sababbi nesa ba kusa ba. Waɗanda aka yi maka tayinsu da araha ta waya kuwa ka rabu da su, jabun manyan kamfanoni sun yi yawa, kuma daga hoto ba a gane su.

Kunyar tsofaffin sanduna da ka ambata, a nan ba za ka same ta ba. Za ka ga dattijo ɗan shekara 70 da jakar da ta girme ka yana cinye matasa masu sababbin kaya, babu mai duban abin da ke hannun wani.

Ka tambayi kamfanin jirgin ko jakar golf tana shiga cikin kayanka na kilo 23 ko sai an biya mata daban, ka naɗe kawunan da tawul, ka sa sandar tsintsiya da ta ɗara direba tsawo a cikin jakar don ta karɓi duka idan an jefar da ita. Ka zo da takalminka da safar hannunka, da su za a auna ka. Ka aiko mini da ranar saukarka a Edinburgh, in Allah ya yarda ni zan zo tarbarka. Ka gaida Yaya, ka ce mata yajin da ta aiko bara ya ƙare.

Kawunka