Lambu a gidan marayu: da me za a fara?

Wata baiwar Allah da ke kula da yara a wani gidan marayu a Zariya ta aiko da tambaya. Suna da ɗan fili a bayan ɗakin girki, ruwa daga rijiya ake ja, abincin yaran kuma tuwo ne da shinkafa, ganye sai ranar da wani ya kawo sadaka. Me za su shuka, kuma ta yaya yaran za su sa hannu?

Hajiya, Allah ya ba da ladan riƙon marayu. Kada ki fara da tumatir, ko da kowa zai ce miki shi ne lambu. Yana son ruwa da magani, ga tsutsar nan da ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016 ba ta bar mu ba. In shukar farko ta lalace, gwiwar yaran ce za ta yi sanyi, wannan ne nake jiye miki.

Ki fara da alayyahu. Sati 3 zuwa 4 ya isa tsinka, in kin yanka sama kin bar gindin zai sake tohowa. Ki cuɗa irin da yashi kafin ki watsa, don ƙanana ne, kada ya tsiro a cunkushe. Sai zogale a jikin katanga. Da ya kai mita 1 ki datse kansa, zai yi rassa a ƙasa inda hannun yaro zai kai. Wanda ya yi yawa a shanya a inuwa, rana tana rage masa amfani. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sau biyu a mako ba ƙaramin gyara zai yi wa jikinsu ba.

Abin da na fi so ki nema shi ne dankalin Hausa mai jan ciki, wanda cikinsa ya yi kalar lemu. Yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da yawan laulayi ga yara. Yaɗonsa ake dasawa: a yanko kamar santimita 30, a binne rabi a kan kunya, cikin wata 3 zuwa 4 a haƙa. Yara na son zaƙinsa, ganyensa ma ana miya da shi. A dafa da ɗan mai, jiki ya fi ɗaukar sinadarin. Tunda kina Zariya, ki leƙa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ki nemi irin wake mai saurin nuna.

Batun ruwa, a tara na alwala da na wanke shinkafa, amma ban da mai omo. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. Taki kuwa kashin awaki da ya ruɓe, ɗanye ƙona shuka yake yi.

Ina roƙonki, kada maganin ƙwari na kanti ya shiga gidan nan. Inda yara suke, kwalba ɗaya da aka manta a lungu ta isa masifa. A daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma.

Kowane yaro ki ba shi buhunsa: ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, a huda ƙasan buhun, ya zana sunansa da abin da ransa ke so a jiki. Yaron da kusan komai nasa na tarayya ne, ranar da ya ce "wannan kuɓewata ce", za ki ga yadda zai riga ki tashi ban ruwa. Ki dasa wa 'yan matan lalle a bakin shinge don ƙunshin salla. Duma kuma ya hau rumfa da damina, in ya ƙosa ya bushe a fafe, a kira mai zanen ƙwarya daga kasuwa ya koya wa manyan cikinsu.