Kawu, ga amsar maganar kamun kifin kan ƙanƙara

Kawu barka da war haka, ya gida ya su Inna, ya ruwa? Na saurari saƙonku har sau uku, wanda kuke cewa wai an nuna muku hotona zaune kan bokiti cikin dare ina riƙe da fatsa, kuka ce wace irin yunwa ce za ta fitar da ɗan masunta su a cikin firiza. To wallahi ba yunwa ba ce Kawu, ku ba ni aron kunne in warware muku.

Nan jihar Minesota ta Amurka idan hunturu ya kama, daga Disamba har cikin Maris, tafkunan nan gaba ɗaya samansu daskarewa yake, sai ka ga fili fari fat iya ganinka kamar ba a taɓa yin ruwa a wurin ba. Amma ƙasan ruwa ne yana nan, ƙanƙarar sama ita ce marfi, ita ke tare sanyin, kifi kuma suna ciki suna harkarsu sai dai jikinsu ya yi sanyi ba sa yawo sosai. Abin da ake yi kawai a huda marfin. Akwai injin huda mai batir, cikin ɗan lokaci ya yi maka rami mai faɗin faranti, inci 8 ko 10, ka sa ludayi mai huji-huji ka kwashe tsakin ƙanƙarar, sai ga baƙin ruwa yana kallonka.

Kun tambaya ba ta karyewa da mutum? Tana karyewa mana, an sha rasa rayuka, shi ya sa ba a hawa da ka. Hukumar daji da ruwa ta jihar ta ce in kaurinta bai kai inci 4 ba kar ma ka taka, ƙaramar mota kuwa sai ta doshi ƙafa ɗaya, kuma wannan lissafin na sabuwar ƙanƙara ce mai garai-garai, farar da ta cakuɗu da dusa rabin ƙarfi gare ta. A Nuwamban 2022 a tafkin Upper Red wani katafaren ɓangare ya ɓalle daga gaɓa da mutane kusan 200 a kai, sai da aka je aka kwaso su. Mu a ƙungiyarmu mun yi doka tsakaninmu, ba mai fita a farkon hunturu, sai tsakiyar Janairu lokacin da ta yi kauri har masu wurin sun share hanyar mota a kai, kuma ba mai zuwa shi kaɗai ko da shekararsa ashirin a garin.

Shi kifin da ake ta wannan wahala dominsa walleye suke ce masa, mu dai bakinmu ya mayar da shi walai. A ido kamar ƙaramin giwan ruwa, ruwan zinare-zinare da ɗan fari a ƙasan wutsiya, ga haƙora kamar allura. Namansa fari ne sol, ba ƙarni, ba ƙananan ƙayoyin nan masu hana yaro ci. Amma idonsa ne abin kallo Kawu. In ka haska shi da tocila sai ya yi wal kamar na kyanwa, akwai wani abu a bayan idon da ke maido da haske, saboda haka yana gani a duhun da ƙananan kifaye ba sa gani. To nan dalilin dare yake. Da rana yana can ƙasa ya lafe, rana na faɗuwa sai ya hauro kan duwatsu da tudun cikin ruwa yana farauta. Ku da kuka san yadda tarwada ke fitowa in gari ya yi shiru ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Kuma dare a nan ba irin namu ba ne, a Disamba ƙarfe huɗu da rabi na yamma an yi magariba, kafin shida da ɗan wani abu an yi isha'i. Mutum ya tashi aiki a duhu ya shige gida ya kulle, wata uku haka, ba dandali ba majalisa ba mai shayi a bakin titi, maƙwabcinka ma sai ka yi sati ba ka ga fuskarsa ba. Shekarata ta farko abin ya so ya taɓa ni, sai in zauna haka kawai ƙirjina ya yi nauyi ban san dalili ba. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya riga mu zuwa shi ya ce min yaro, sanyin ƙasar nan in ka ɓoye masa cikin ɗaki zai same ka, fita za ka yi. Shi ya fara kai ni.

Yanzu mu kan yi karo-karo, mu shida ko bakwai, akwai Kanawa, akwai 'yan Nijar, akwai wani ɗan zangon Kumasi, mu kama hayar ɗakin katako a tafkin Mille Lacs, tafiyar kamar awa biyu arewa da birnin Miniyapolis. Ɗaki ne sosai a kan ƙanƙarar, da gadaje da hita mai gas, ramukan kuma a daɓen ɗakin suke. Waje ana ƙasa da sifili da digiri 25, ciki kana zaune da riga ɗaya. Hitar nan dai ita ma abin tsoro ce, gubar hayaƙinta ba wari ba launi, tana kashe mutum cikin barci, don haka da mun shiga abin da muke fara dubawa na'urar da ke ƙara in iska ta ɓaci, kuma ba ma toshe kafar iska komai sanyi.

Doka ta ba kowa zare biyu. Ɗaya kana riƙe da shi, yana jikin wata sanda gajera ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, ƙugiyar an shafa mata fenti mai ɗaukar haske, ka haska ta da tocila ta yi kore shar, ka soka ɗan ƙaramin kifi mai rai a matsayin koto ka zura har kusa da ƙasa kana ɗan girgizawa. Ɗayan kuma an naɗe shi a wani gargare da ke jikin bango mai 'yan ƙararrawa a ciki. Kawu ba abin da ya kai wannan daɗi. Ƙarfe biyun dare kowa ya yi laushi, hira ta mutu, sai ka ji kacau-kacau-kacau, mutum ya diro daga gado da safa ya durƙusa bakin rami, ya bar kifin ya ɗan ja tukuna, sannan ya fizga ya dinga jawowa da hannu, mu kuma mun kewaye shi da tocila, can sai ka hango idanun nan biyu suna tasowa daga cikin baƙin ruwa. Ranar da na fara ciro nawa hannuna rawa yake, na tuna ina ƙarami a bayan kwalekwalenku ina riƙe muku gora, sai da na fita waje na tsaya ni kaɗai na ɗan jima.

A wajen ne za ka ji ƙanƙarar na gurnani a ƙarƙashin ƙafarka kamar hadari daga nesa. Masu wurin sun ce in sanyi ya tsananta haka take yi, motsawa take tana ƙara kauri, amma baƙo in ya ji sai ya fara salati.

Sallah ba ta wuce mu. Mu ɗumama ruwa mu zuba a buta, alƙiblarmu a nan arewa maso gabas ce, mu ture bokitai mu yi sahu. Maƙwabta da yawa da giyarsu suke zuwa, mu namu shayi ne da citta da kilishi in an samu, kuma ba wanda ya taɓa tsangwamar mu, wani bature ma shi ya koya min karanta na'urar da ke nuna kifi a ƙasa.

Maganar nawa muke sayarwa kuwa, ko sisi. Haramun ne a dokarsu ka sayar da kifin da ka kama da irin lasisinmu. Akwai adadin da ba ka wucewa, akwai kuma tsawo, a Mille Lacs kusan duk shekara sai an sake ƙa'idar, ka ciro kifi ka gwada shi da ma'auni, in bai faɗa cikin abin da aka yarda ba ka maida shi rami da hannunka. Na san za ku ce wannan wace irin asara ce. Ni ma da farko ciwo yake min, amma ku duba Matan Fada a Argungu, ai hana su ake yi a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa. Ni na yarda da tsarin nan har zuciyata, don na ga yadda ruwanmu na gida ya koma tun da aka fara sa raga mai ƙananan ido. Ƙarshen Fabrairu ma rufe kamun walai ake yi a yawancin tafkuna don ya samu ya yi ƙwai.

Sai wani kifi da nake son shawararku a kai. Cikin dare yakan faɗa mana, santsi gare shi kamar tarwada, da gemu ɗaya tal a haɓa, in ka kama shi sai ya naɗe maka hannu. Turawa da yawa ƙyamarsa suke, mu kuwa da muka yi farfesunsa da daddawa da attaruhu ba wanda ya bar romo. Ina so in gwada banda shi, sai dai itacen nan ba irin namu ba ne kuma naman yana da ruwa-ruwa. Don Allah ku yi min saƙon murya, gishiri ake fara sa masa ko sai ya sha iska, kuma kwana nawa kuke barin tarwada a kan wuta kafin ku sauke.