Fentin gwangwani da zanen kirki

Ɗana, jiya muna wanke burushi ka tambaye ni ko fentin mai na gwangwani, wannan da muke rubuta allunan shaguna da shi, zai yi zanen da ake ratayewa a gidan adana zane-zane, ko kuwa sai na cikin tub mai tsada. Zai yi, kuma an daɗe ana yi.

Picasso, mai zane ɗan Sifaniya da ya zauna a Faransa, tun 1912 ya ambaci Ripolin a wasiƙar da ya aika wa dillalinsa. Ripolin kuwa fentin ƙofofi da tagogi da jiragen ruwa ne, an fara sayar da shi da wannan suna a 1897. Ba rashin kuɗi ne ya kai shi gare shi ba. Abin da ya gani, hannunka ma ya san shi: ka shafa, sawun burushi ya kwanta ya ɓace, ya bushe da wuri, ga sheƙi. Na tub kauri gare shi, yana riƙe sawun gashi, sai ka yi ta jiran ya bushe.

To amma ga inda nake son ka buɗe kunne. Shekara da shekaru, da zarar an ga zanen Picasso ya yi santsi, ko fenti ya zuba ya bar sawu kamar hawaye, ko ya yamutse, sai a rubuta "Ripolin". Sunan ya zama kamar Omo a wurinmu, kowane garin sabulu Omo ne. Da masana suka gwada, sai suka ga na tub ma, idan aka tsinka shi da mai, yakan yi wannan kamannin. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Ma'aikatan gidan zane-zane na Chicago a Amurka suka bi masu sayar da tsofaffin kaya, har a kasuwar intanet ta eBay, suna sayen tsofaffin gwangwanayen Ripolin. Suka ɗebi ɗan ɓarɓashi, bai kai ƙwayar gero ba, daga wani zanen Picasso na 1931, na mace zaune a jar kujera. Aka kai cibiyar bincike ta Argonne aka haska shi da na'urar eksire mai ƙarfin gaske, wadda ke leƙa cikin ƙwayar launi guda ɗaya. Farin Ripolin na tutiya ne, kuma ɗan dattin da ke cikin tutiyar zanen ya zo daidai da na gwangwanin. An buga sakamakon a 2013. Zanukan da Picasso ya yi a garin Antibes na Faransa a 1946 kuwa, bayan yaƙi kaya sun yi wuya, ya yi su da fentin da ya samu a garin, a kan katako da faifan siminti, kuma bincike ya nuna ba duka ne Ripolin ba.

Wannan yana burge ni ƙwarai. Fenti na ɗauke da shaidar masana'antarsa da zamaninsa a jikinsa. Jackson Pollock na Amurka, mai kwarara fentin gida a kan yadi shimfiɗe a ƙasa, ya rasu a 1956. Da wasu zanuka suka ɓullo aka ce nasa ne, masanan jami'ar Harvard a 2007 suka sami launukan da ba su shigo kasuwa ba sai bayan rasuwarsa.

Sai dai ka san halin fentin nan. Daga sama yake fara bushewa. In ka lafta shi da kauri, sama ta yi fata, ciki ɗanye, sai ya yamutse. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, kuma kada ka ɗora na biyu sai na farko ya bushe sarai. Kada ka cika masa kananzir don ya yi auki, sheƙin ne zai mutu. In ba ka son hawaye, kwantar da allon a ƙasa, a ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga.

Gobe ka zo da katako biyu. Ɗaya za mu jingine, ɗaya mu kwantar, ka shafa musu fenti ɗaya. A bayan kowanne ka rubuta sunan fentin da kwanan wata, bayan mako guda mu duba su tare.