Burga ko kuri? Hausar da ta dace da mai zuba kuɗi a kan katin banza

Assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin da suka shigo kusan duk a kan karta suke, har abin ya ba ni dariya, ni da iyakata Whot ɗin da muke bugawa a kan tabarma muna yara a Unguwar Sanusi, sauran kuwa karance-karance ne da kallo. To amma tunda kalma ake tambaya, bismillah.

Wani matashi daga Barnawa ya rubuto a kan poka, wani wasan karta da ake zuba kuɗi ko maki a tsakiya: "Malam barka da ƙoƙari. Muna buga poka a waya ni da abokaina, irin ƙananan gasar nan da kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba. Akwai abin da Turawa ke ce wa bluff, wato katinka ba shi da kyau amma ka zuba da yawa don abokin wasa ya tsorata ya ajiye nasa. Mun yi ta gardama, ni na ce Hausarsa yaudara, wani ya ce ƙarya, wani ya ce kuri. Wanne ne daidai? Kuma Malam me ya sa ni duk sanda na yi sai an kama ni?"

To ɗana, kafin komai, in da kuɗi ake zubawa ko da naira hamsin ce sunan abin caca, kuma hukuncinta na nan a Ma'ida aya ta 90, ba sai na tsaya yi maka wa'azi ba, ka je wajen malaman fiƙihu. Akwai masu bugawa da maki kawai ba sisi, Allah sa kuna cikinsu. Ni nawa kalma ne.

Ku ukun duk kun kusa amma ba wanda ya taka daidai. Kalmar ita ce burga.

Yaudara ba ta zauna ba saboda ita da daɗin baki take zuwa, mayaudari so yake ka saki jiki ka matso kusa da shi, shi kuwa wannan naka so yake ka firgita ka gudu, kaga hanya ta rabu tun daga nan. Ƙarya kuma sai an faɗa da baki, a teburin poka kuwa mutum zai iya yin shiru ɗif ya tura tulin kuɗin da ke gabansa tsakiya bai ce uffan ba. Kuri shi ne ya fi kusa, amma kuri na baki ne, kuma alkawarin abin da za a yi nan gaba ne, irin na ɗan dambe kafin a shiga fage, zan kashe ka zan binne ka. Barazana ma ba ita ba ce, don mai barazana sau da yawa yana da abin da zai aikata da gaske. Fankama nuna isa ce don a yaba ka, shi ya sa ake cewa fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. Ita burga ita ce ka kumbura, ka zare ido, ka ɗaga murya ko ka ɗaga kuɗi, don wancan ya ɗauka akwai wani abu a bayanka ya ja da baya, alhali kai ka san buhun naka iska ce a ciki. Shi ya sa muke cewa "burga ce kawai, rabu da shi". Ka lura da 'yar uwarta burge, yau yara na cewa wance ta burge ni suna nufin ta ba su sha'awa, amma in ka duba har yanzu akwai cika ido a cikin kalmar. Kar dai a haɗa da burga miya da maburgi, wannan ta kicin ce.

Abin sha'awa su ma Turawan daga wajen cika baki suka samo tasu kalmar, masu bin asalin kalmominsu na danganta ta da wata kalmar mutanen Holan mai nufin fariya, kuma a Ingila akwai tsohon wasan karta mai suna Brag, wanda ma'anarsa cika baki kenan.

Yanzu ga ɓangare na biyu, me ya sa ake kama ka. Hausawa sun gama maganar tun kafin a haifi poka: wargi wuri yake samu. Burga ba a hannunka ƙarfinta yake ba, a zuciyar wancan yake, in ba ya jin tsoron asarar abin da ke gabansa to ihu kake a daji.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni a Kasuwar Barci. Na je sayen babbar riga ta sanyi a wajen 'yan gwanjo, mai kaya ya faɗi kuɗi na taya ya ce albarka, na ajiye na juya na fara tafiyar nan da kowa ya sani, a hankali, kunne a baya, ban yi taku goma ba na ji "Alhaji zo mana, kawo kuɗin". Daɗi ya kama ni, na ce ashe na iya ciniki. Na matsa gaba wajen wani yaro mai safa, na sake irin tafiyar a kan safa ƙafa ɗaya, na yi taku goma, ashirin, har na kai bakin titi ba wanda ya kira ni, da na waiwaya yaron ma rake yake sha bai san na tafi ba. Haka na dawo da ƙafata na biya kuɗin da ya faɗa, yana ba ni canji yana murmushi. Tafiyar iri ɗaya ce, ni ɗin ne dai, abin da ya bambanta shi ne mai riga yana da abin da zai rasa, mai safa ba shi da shi.

Ƙaramar gasa kasuwar safa ce. Mutumin da ya shiga da kuɗin da bai kai na katin waya ba, in ka zuba masa burga cewa zai yi bari dai in gani, ya biya, wato ya zuba daidai abin da ka zuba don a ci gaba da wasan, ko da ɗan abin da ke hannunsa bai kai ya kawo ba, don shi nishaɗi ya zo yi kuma son ganin ƙwaƙwaf ya fi masa tsoron fita. Masana wasan sun daɗe da cewa a irin wannan teburi rage burga ake yi, a jira kati mai kyau sannan a zuba da nauyi, tunda dama su biya ne ba ya musu wuya.

Kwatanta da babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerar shiga ta wata ƙaramar gasar intanet, ya rage daga shi sai ƙwararren ɗan wasa Sammy Farha. A wani hannu, wato zagaye ɗaya na wasan, Moneymaker ba shi da komai sai katin sarki, bai haɗa ko tagwaye ba, wato kati biyu masu lamba ɗaya, ya tura duk abin da ke gabansa. Farha na riƙe da tagwayen tara, wato ya fi shi, ya zauna ya yi ta nazari ya yi ta kallonsa, daga ƙarshe ya ajiye. Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5. Yara da yawa wannan hoton suke gani su ce su ma za su yi, sun manta Farha gwani ne mai lissafi kuma miliyoyi ne a gabansa, wato akwai wurin da wargin zai zauna. Da yaron nan mai rake ne a kujerar, wallahi biya zai yi yana dariya.

Ga ɗan lissafin, ba shi da wuya. In akwai 1,000 a tsakiya ka zuba 500 na burga, kana bukatar wancan ya ajiye sau ɗaya cikin uku kafin ka tashi ba riba ba asara. In 1,000 ka zuba, sai ya ajiye sau ɗaya cikin biyu. Wannan fa mutum ɗaya kenan. In su uku ne a cikin hannun kuma kowanne rabi da rabi ne ya ajiye, to damar duka ukun su ajiye ɗaya ce cikin takwas, kuma a ƙananan gasa haka ake cika hannu dam kamar motar Kawo da yamma. Wanda ya yi wa mutum uku burga a lokaci guda karambanin akuya ya yi.

Ba wai babu wurinta sam ba. Akwai gaɓar da ake dab da fara rabon kyauta, saura mutum ɗaya ko biyu su fita sauran su samu wani abu, a nan ne ko ɗan nishaɗi tsoro ke shigarsa, kowa ya ƙanƙame abin da ke gabansa yana jiran wani ya faɗi, to wurin ya samu, musamman a kan masu matsakaicin tuli. Amma ka kiyayi wanda tulinsa ya kusa ƙarewa kuma kuɗin dolen da ake sakawa kowane zagaye na ta hawa yana cinye shi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haka mai ƙaton tuli, kuɗinka ba ya masa ciwo. Sai kuma in kai ne na ƙarshen magana, ka ga kowa ya yi sanyi ya wuce bai zuba ba. Sannan akwai wadda ni zan kira burga mai ƙofar baya, misali kana da kati huɗu masu zane iri ɗaya kana jiran na biyar, saura kati biyu a buɗe, guda 9 cikin 47 da ba ka gani ba za su cika maka, a buɗewa biyun damarka wajen kashi 35 cikin ɗari kenan, ko an biya ka ba ka mutu ba tukuna. Ita ce ta fi hankali.

Kuma burgar ta zama labarinta ya haɗu. Tun farkon hannu kana laɓe-laɓe kamar marar gaskiya, sai a katin ƙarshe ka tashi da ƙarfi wai kai mai babban kati, wa zai yarda? Labarin zuciya a tambayi fuska, a waya kuwa da ba a ganin fuska yadda kake zuba kuɗi da saurin da kake dannawa su ne fuskar taka.

Wata baiwar Allah daga Malali ta ce: "Malam, ƙanena in an kama shi a wasa abokansa na ce masa tusa ta ƙare wa bodari, wani lokaci kuma dara ta ci gida. Ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne 'yar uwa. Bodari ɗan ƙaramin naman daji ne mai baƙi da fari, ba shi da wani ƙarfin kirki, makaminsa warin da yake saki in an matsa masa, ran da warin ya ƙare shikenan kowa zai iya ɗaukarsa. Wannan na wanda aka gano shi ne, ya yi burga sau biyu an biya an ga katin banza, kan mage ya waye, daga nan ko ya zare ido dariya za a yi. Ita kuwa dara ta ci gida daga wasan dara ta fito, wanda dattawa ke yi a gindin bishiya da 'yan ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin wasa. Ana faɗinta in dabarar da ka ƙulla don wani ta juyo ta cinye naka. Misali ƙanen naki ya zuba burga, ashe wancan basaja ya yi, yana riƙe da babban kati ya yi lamo kamar ba shi da komai yana jiran a kawo masa, to nan dara ta ci gida.

Na ƙarshe, wani daga Rigasa ya tambaya ko karta da kati kalma ɗaya ce. Kati daga Turancin Ingilishi muka aro shi, shi ya sa muke da katin waya da katin zaɓe da katin ɗaurin aure. Karta kuwa wasan ne da kayan wasan, kuma Larabawan Magrib ma karta suke cewa, mutanen Italiya da Sifen kuma carta, wato takarda. In ka bi su can baya tushensu guda ne, tsohuwar kalmar Latin ta takarda, amma a bakin Bahaushe sun raba aiki, ba mai cewa zai je karɓar kartar zaɓe.