Amsoshin Tambayoyinku: Kayan da Aka Ɗora a Kanta, Mazubinsu Ne Bakinsu

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso ni a wannan mako sun taru a kan abu ɗaya, wato leda da roba da takardar da ake liƙa wa kayan sayarwa, kuma dukkansu daga masu ƙananan sana'o'i ne na jihar Gombe. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a unguwar Jekadafari: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina daka yaji a gida, kuma idan na kai shi gidan biki ko gidan suna ba ya kwana. Wata uku da suka wuce na kai robobi talatin wani babban kanti a cikin gari, amma har yau ba a sayi goma ba, alhali na biya an yi mini sitika mai hoton barkono da citta da kanumfari da furanni. Ina laifin yake?

Wa alaikumus salam, Malama. Yajin da ya shekara huɗu yana ƙarewa a gidajen biki ba shi da laifi, don haka ki kwantar da hankalinki ta wannan fuska. Abin da ya canza shi ne wurin sayarwar. A gidan suna akwai wadda ta ɗanɗana ta yaba, akwai ƙamshi idan kin buɗe murfi, akwai kuma bakinki da ke bayani, ga maƙwabciya tana ba da shaida. A kan kantar shago babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai saye yana tafe da kwando a hannu, hankalinsa na kan abin da aka aiko shi, idonsa kuma yana wuce robobi masu yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Duk aikin da bakinki da hancin mutane suke yi a da, yanzu ya koma kan wannan 'yar takarda da ke jikin roba.

Na duba hoton da kika haɗo da wasiƙar, kuma zan gaya miki gaskiya domin ita kika nema. Sitikar ta yi kyau idan an riƙe ta a hannu, amma ta cika da kaya. Hotuna uku da furanni da lambar waya biyu sun danne kalmar da ta fi kowace muhimmanci, wato YAJI, har sai mutum ya sunkuya kafin ya gan ta. Sannan takardar ja ce, murfin ja ne, yajin da ke ciki shi ma jaja-jaja ne, ga shi yawancin masu yaji jan suke zaɓa saboda kowa barkono yake tunawa. Ja a tsakiyar jajaye ba ya fita.

Kafin ki sake biyan ko sisi ga mai zane, ki je kantin da kanki, ki tsaya taku uku daga kantar da aka jera kayanki, ki duba launin da ya fi yawa a wurin. Idan ja ne ya rinjaya, sai ki nemi farar takarda mai baƙin rubutu manya, ko koriya mai duhu da farin rubutu, ki bar wa barkonon hoto ɗaya tal. Abin da ido zai fara cin karo da shi ya zama sunan kayan, sai irinsa, na tafarnuwa ne ko na daddawa ko na masu jego ko na tsire, sannan sunan sana'arki. Lambar waya da jerin kayan haɗi su koma baya. Kuma tunda robar garai-garai ce, kada takardar ta zagaye ta gaba ɗaya, domin laushin dakanki da tsabtar yajin su ma talla ne.

Ki lura da yadda ake aiken yaro sayen Maggi tun bai iya karatu ba, ya kuma dawo da shi daidai, saboda rawaya da jan da ke jikinsa sun zauna masa a ido. Kamfanin Coca-Cola ma a shekarar 1915 ya sa aka ƙera masa kwalba mai siffa ta daban, wadda za a gane ta ko da a cikin duhu aka shafa ta. Ba ƙarfinsu nake cewa ki gwada ba. Abin ɗauka a nan shi ne sun riƙe kama ɗaya ba su riƙa sauya ta ba, har mutane suka haddace. Idan kin tsayar da launi da salon rubutu, ki bar su haka a kan kowane irin yaji da za ki fitar, murfi kawai ko wani ɗan layi ya bambanta su.

Akwai gwajin da ba zai ci miki kuɗi sosai ba. Ki sa a buga miki zane iri uku a takarda ta yau da kullum, ki liƙa a robobi, ki jera su tare da yajin wasu mutum biyu ko uku da kika sayo, sannan ki kira wanda bai san naki ba ya tsaya daga nesa ya nuna wanda idonsa ya fara kamawa. Kada ki dogara da 'yan'uwa da ƙawaye a wannan gwaji, domin kara ba za ta bar su su kushe ba. Daga nan ki nemi mai kula da kantin cikin girmamawa, ki roƙi a ɗora kayanki daidai tsayin ido, robobi uku ko huɗu a jere suna fuskantar waje, domin roba ɗaya a kantar ƙasa tamkar ba a kawo ta ba ce. Ina kuma ba ki shawarar ki fitar da ƙaramar roba mai araha. Wanda bai taɓa cin yajinki ba zai yi wuya ya fara da babba, kuma da ƙananan ƙunshi ne madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawa bayan zuwanta Najeriya a 1993.

Wani abu da nake roƙon duk mai sana'a, ba ke kaɗai ba: kada a rubuta aya ko sunan Allah a jikin leda ko roba da niyyar neman albarka, domin ƙarshen mazubi bola ce ko kwata.

Tambaya daga wani matashi a Kumo: Malam, ina yin ƙuli-ƙuli da dambun nama ina kai wa shaguna a Gombe. Wasu sun ce in yi amfani da farar leda don a ga kaya, wasu sun ce in sayi jaka mai ƙyalli wadda take tsayawa da kanta, ita kuma ta fi tsada. Wacce zan saya, kuma ko ina buƙatar injin liƙe baki?

Malam, kayanka duka biyun masu mai ne, kuma mai yana da abokan gaba uku: iska da haske da zafi. Su ne suke juya ɗanɗanonsa har ya fara warin tsohon mai yana maƙaƙi a maƙogwaro. Siririyar farar leda ba ta tare haske ko kaɗan, iska ma tana ratsa ta a hankali, ga zafin Gombe a watannin Maris da Afrilu da yakan kai kusan digiri 40. Da damina kuma laima ce take shiga, ƙuli ya saki ya daina ƙaras-ƙaras, kuma gyaɗa idan ta sha laima tana iya yin fumfuna mai guba da ke cutar da hanta. Saboda haka amsar ta danganta da kwana nawa kayan za su yi kafin a ci. Ƙulin da ake sayarwa a tasha ya ƙare cikin kwana biyu ko uku, farar leda ta ishe shi. Wanda zai zauna a kanti mako huɗu ko fiye, jakar nan mai shafen ƙarfe a ciki ita ce daidai, musamman dambu. Akwai mai 'yar taga a gaba, wadda ta haɗa buƙatun biyu: ana ganin kaya, mafi yawan jikin kuma a rufe yake. Tsayuwar da take yi da kanta ma riba ce, domin ledar da ta kwanta a kanta ba a ganin fuskarta.

Injin liƙe baki kuwa ka saye shi tun kafin ka kashe kuɗi a kan ado. Ƙaramin nan na hannu da ake dannawa ya wadatar, kuma ba ya jan wuta sai a daidai lokacin da aka danna shi. Zif ɗin da ke bakin jaka don amfanin mai saye ne bayan ya buɗe, bai isa ya tsare kaya a kanti ba. Ka bar ƙulin ya huce sarai kafin ka zuba, in ba haka ba tururi zai taru a ciki ya zama ruwa. Ka goge bakin jakar, domin inda mai ya taɓa ba ya liƙuwa da kyau. Idan kana son tabbatarwa, ka nutsa jaka ɗaya a bokitin ruwa ka matsa ta a hankali, in ka ga kumfa na tasowa to akwai kafa. Sannan ka ajiye samfuri ɗaya a kowane irin mazubi, ka riƙa buɗe ɗaya kana ɗanɗanawa duk mako, domin wannan zai fara nuna maka gaskiyar kwanakin da kayanka ke iya yi. Kuma ka rubuta a fili cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta.

Tambaya daga wata Hajiya a Tumfure: Ina yin zoɓo a gora. Wani kanti ya ce ba zai karɓa ba sai da lambar NAFDAC da layukan nan baƙaƙe da ake haskawa wajen biyan kuɗi. Mai buga mini takarda ya ce zai iya sa mini duka biyun ba tare da na wahala ba. In yarda?

Hajiya, don Allah kada ku yarda. Lambar da bai samo daga hukuma ba, ko dai ta ƙarya ce ko ta kayan wani, kuma idan aka kama, ku za a tuhuma, a kwashe kayan, sunan da kuka daɗe kuna ginawa ya zube. An kafa NAFDAC a 1993 domin sa ido a kan abinci da magunguna, tana da ofis a nan Gombe, kuma kowane kaya lambarsa daban, bayan jami'anta sun duba wurin da ake yin sa. Matakin farko shi ne rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ku je ofishin da kanku ku tambayi tsarin ƙananan masana'antu, kada ku bi ta hannun dillali.

Takardar jikin gorar dole ta ƙunshi sunan kayan, da jerin abubuwan da aka haɗa, da yawan abin da ke ciki, da suna da adireshin mai yi, da lambar rukunin da aka yi tare, da ranar yi da ranar da ya kamata a daina sha, da yadda za a adana. Ka'ida ta ce a rubuta da Turanci, amma ta ba da damar a ƙara wani harshe, kuma a gari irin Gombe da ya tara Fulani da Tangale da Tera da Waja da baƙi daga kudu, haɗa Hausa da Turanci ya fi kama kowa. Kada a rubuta cewa zoɓon yana maganin hawan jini ko wata cuta, domin da wannan jimla ɗaya kayan sun tashi daga abin sha sun shiga hurumin magani.

Layukan baƙaƙen, waɗanda ake kira bakod, ƙungiyar GS1 ce take bayar da su, kuma lambobin da aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa da 615. Amma ku fara tambayar kantin, domin wasu suna liƙa nasu na cikin gida. Gorar kuma ta zama sabuwa mai murfin da ake ɓallewa, ba tsintacciya da aka wanke ba, kuma a bar zoɓon ya huce kafin a ɗura, domin robar da ke da lamba 1 a gindinta tana motsewa da zafi. Takardar ma ku nemi wadda ruwa ba ya ci, tunda a firji gorar za ta zauna.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai haɗa sabulu a Bajoga: Mai buga takarda ya ce idan na buga dubu biyar kowace ɗaya za ta fi sauƙi. Kuma wanda ya buga mini a baya launinsa bai fito kamar yadda na gani a waya ba.

Malama, gaskiya ya faɗa game da farashi, amma ki fara da ɗari biyu ko uku. Kusan kowa yakan gano gyara bayan fitowar farko, ko harafi ya faɗi, ko rubutu ya yi ƙanƙanta, ko lambar hukuma ta fito daga baya, kuma takarda dubu huɗu da ta rage a kwali asara ce. Batun launi kuwa, fuskar waya da haske take haɗa shi, injin bugu kuma da tawada iri huɗu, shi ya sa shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dusashe a takarda. Ki ce ya buga miki ɗaya ta gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin, ki liƙa a jikin sabulun, ki duba ta a rana da kuma a ƙarƙashin fitilar shago kafin ki ba da izini. Kada a buga farashi a jiki, a kuma bar farin fili inda za ki riƙa buga rana da hatimi. Idan kin biya mai zane, ki karɓi ainihin fayil ɗin zanen a hannunki, ba hoton da ya turo ta WhatsApp ba, domin da shi ne za ki iya kai aikin wata maɗaba'a a Gombe ko Bauchi duk ranar da kika so.