Tambayi likita: yaran da jiki ya yi ma yawa, da batun motsa jiki

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin satin ga kusan duk kan yara masu ƙiba ne, to bari mu tahi kai tsaye.

Tambaya: Likita ɗana shekarar shi 9 kuma shina da jiki, minti nawa ya kamata ya motsa a yini? Daga wani uba a Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Awa guda kullum Malam, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga mai shekara 5 zuwa 17. Ba dole a haɗe ba, tahiya lakwal da ƙafa, ƙwallo, langa, keke, duk a lissafi suke. In lakwal ɗin ba nisa a bar ɗora shi kan kabu-kabu.

Tambaya: Ɗana na da asma, in ya yi gudu sai tari, in hana shi? Daga wata uwa a Burja.

Amsa: Kar ki hana shi Hajiya, ki kawo shi a gyara mishi magani, akwai na shaƙa da ake yi kamin a fara wasa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa ya yi wasan shi cikin gida.

Tambaya: Likita ɗana shekara 13, yara na ce mishi buhu har ya bar hita waje, daga lakwal sai ɗaki da salula. Baffan shi ya sayo shayin rage tumbi a kasuwa, kuma yana naɗe mishi ciki da leda ya sa shi gudu bayan azahar wai kitsen ya narke. Yanzu zawo ya kama shi, ga wuyan shi ya yi baƙi na dirje har na gaji bai hita. Daga wata uwa a Bagalam.

Amsa: Baiwar Allah wannan saƙon naki shi ya fi tsaya mini a rai. Shayin ga a zubar da shi yau, ba gobe ba. Irin su da yawa filasko ne a ciki ko wani abin sa zawo, wasu kuma ana zuba musu maganin sa hitsari, abin da ke barin jikin yaro ruwa ne da gishiri, kitsen na nan inda yake, sai a hau sikeli a ga kilo biyu ya tahi ana murna alhali ƙoda ce ke shan wahala. Ita kuma leda, wallahi na rasa wa ya fara koya ma mutane wannan abu! Zufa ba kitse ba ce. A Maradin ga da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu a naɗe yaro a sa shi gudu tsakar rana, in ya yanke jiki ya faɗi wa za a kama? Ki gaya ma baffan nashi cikin ladabi, ki ce likita ne ya hana. Ki ba yaron ruwan gishiri da sukari na farmasi, in kuma ya fara jiri ko hitsarin shi ya ragu ki kai shi asibiti nan take.

Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ce, ki bar dirza. Sau da yawa alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, wato hanyar ciwon suga ce aka kama. Ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa ko babban asibiti da safe bai ci komi ba a auna sugan jini, a auna hawan jini, a auna tsawo da nauyi. In kin lura shina yawan shan ruwa da tashin hitsari da dare to kar ma ki jira safiya.

Ni na san inda abin ke farowa. Mun ga tamowa da idon mu a jihar nan, shi ya sa kaka in ta ga jika ya yi ɓul-ɓul sai ta ce alhamdulillahi yaro ya ƙoshi, har akwai masu ba yara ƙwayar ƙiba irin su deksametazon, wadda ke kumbura huska ta kawo suga da hawan jini ta raunana ƙashi. In an taɓa ba ɗanki irin ta kullum ki faɗa ma likita, ba a yanke ta rana ɗaya.

Sai motsa jikin. Yaron da ake ma dariya ba za ya shiga fili da son rai ba, kuma in aka maida gudu horo to an gama kashe mishi sha'awa. Ku fara da tahiya ta minti 15 bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, shi da uban shi ko wani yayan da bai zolayar shi, duk sati a ƙara minti biyar. In ƙwallo yake so a fara da yaran gida, in kokowa ce ma a bar shi, nan jikin shi abin alfahari ne. Salula a aje ta lokacin cin abinci da lokacin barci. Kuma kar a ware mishi kwano ana cin taliya da mai, shi kuwa ana ba shi ganye, gidan duka za ya gyara. Lemun gwangwani guda na santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, kamar ƙwarar sukari bakwai ke nan, a rage shi da fanke da zoɓo mai zaƙi, a ƙara wake da kwaɗon zogale, hura a dama ba sukari. Mai shekara 13 girma yake, ko nauyin ya tsaya wuri guda tsawo na ƙaruwa an ci riba. Amma dai ki fara kai shi a auna.

Tambaya: Ɗiyata shekara 15 tana da jiki, kishiyar uwata ta ce gudu da tsallen igiya na ɓata budurci. Daga Tibiri.

Amsa: Ba gaskiya ba ne ƴar'uwa, gudu da tsalle ba su taɓa mutuncin ɗiya. Ta sa suturar ta ta yi tsallen igiya a tsakar gida da ƙawayen ta, kuma kar a nemo mata takardar hana wasan motsa jiki a lakwal ba dalili.

Tambaya: Ɗana mai ƙiba shekara 12 ya fara ɗingishi yana kukan gwiwa, ragwanci ne? Daga Madarunfa.

Amsa: Kar ku ce ragwanci, kuma kar a kai shi wajen mai ɗori. A yaro mai nauyi ɗan shekarun nan kan ƙashin cinya na iya zamewa daga gurbin shi a ƙugu, ciwon sai ya sauko gwiwa. Ya bar taka ƙafar, ku kawo shi a yi hoton ƙugu yau ɗin nan ko gobe da sassafe.