Wayoyin da ke bango ne za su zaɓa maka tamostat: amsoshi kan na'urar hitfam

Tambayoyin wannan karon daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, inda gidaje da dama ke da na'ura guda mai sanyaya gida lokacin zafi, ta kuma ɗumama shi da hunturu. Hitfam ke nan. Ainihinta na'urar sanyaya ɗaki ce da aka ƙara wa bawul mai juya alƙiblar gas ɗin sanyi, sai ta koma kwaso zafi daga waje tana zubawa a cikin gida. Wannan bawul ne ya sa haɗin wayoyinta ya sha bamban da na sauran na'urori. Kashi biyu ce, ɗaya a cikin gida, ɗaya a waje, tamostat kuwa shi ne ɗan akwatin bango da ake saita zafi ko sanyin gida da shi.

"Salamu alaikum. Na sayi gida a jihar Ohio, akwai hitfam, amma tamostat ɗin tsoho ne. Ina son na zamani mai haɗuwa da wayar hannu. Nest zan saya ko ecobee, kuma zan iya ɗaura shi da kaina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gidan. Kada ka zaro kuɗi tukuna. Ka je ka kashe birekar na'urar cikin gida, domin a can tiransifoma yake, kuma sau da yawa bireka biyu ne saboda hitar lantarki ta taimako da ke cikinta. Kashewa daga maɓallin tamostat ba ta yanke wuta. Sannan ka ɓalle fuskar tsohon, ka ɗauki hoton wayoyin yadda harafin kowane gurbi zai fito sarai.

Idan ka ga wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu an murɗe su da hula ta roba, wutar bolt 120 ko 240 ce, ka mayar ka rufe, babu ɗayan biyun da za ka iya sa wa a nan. Haka in ka ga wayoyi huɗu a gurabun A, B, C, D, irin na Carrier Infinity: wannan na'ura da tamostat ɗin kamfaninta kawai take magana.

Abin da aka fi samu shi ne siraran wayoyi shida zuwa takwas masu ɗauke da bolt 24. R ce mai kawo wuta, yawanci ja. C ce mai mayar da ita, ita ke ba tamostat damar cin wuta dare da rana. Y tana tayar da kwamfiresa, G tana kunna fanka. O ko B ta bawul ɗin juyawa ce, galibi ruwan lemo. W2 ko Aux ta hitar taimako ce, E kuma ta ɗumamar gaggawa, lokacin da aka kashe kwamfiresa aka bar hita ita kaɗai. In akwai Y2, kwamfiresarka mai mataki biyu ce.

Harafi za ka bi, ba launi ba. Mai haɗin farko yana iya amfani da duk wayar da ta zo hannunsa, kuma babu dokar da ta hana shi. Akwai tarko guda da ya ci mutane da yawa: a tsoffin na'urorin Trane da American Standard, harafin B yana nufin C ne. In ka ga waya a O, ga wata kuma daban a B, to mai yiwuwa ta B ɗin nan C ce. Ka tabbatar a allon na'urar cikin gida, ka ga inda ɗaya bakin wayar ya sauka.

Zancen saye kuwa, duka biyun suna aiki da hitfam, wayar C ce ke raba gardama. In tana nan, ɗauki wanda ya kwanta maka. In babu, ka jawo kebul ɗin a hankali daga ramin bango, sau tari za ka tarar da wata waya an naɗe ta baya ba a yi amfani da ita ba. Ka haɗa ta da C a allon na'ura, ka haɗa ta da C a tamostat, an gama. In babu ragowar waya, akwai ɗan akwatin da ake ɗaurawa a jikin allo ya maye gurbinta, kamfanonin biyu duk suna yi. Mu dai mun fi son a ja sabon kebul mai wayoyi takwas, kauri lamba 18, in hanyar bango ta ba da dama. Tamostat na zamani marar C, irin Nest, kan saci wuta ne ta wayar Y, kuma a hitfam wannan kan jawo kwamfiresa ta riƙa tashi tana mutuwa, ko allon tamostat ya ɗauke a daren da sanyi ya fi tsanani.

Wajen ɗaurawa, ka liƙa wa kowace waya harafinta kafin ka kwance ta, ka naɗe su a jikin biro don kada su zame cikin bango. Ka feƙe bakin kowace kamar milimita 8, ya miƙe, kada tagulla ta leƙo waje. Ka toshe ramin bangon, domin iskar da ke biyowa ta nan tana ruɗar ma'aunin. In tsohon mai ɗan kwalbar zaiba ne, kada ka jefa shi a shara, akwai wuraren karɓarsa. Bayan ka mayar da wuta, mitar awon bolt za ta nuna bolt 24 zuwa 28 tsakanin R da C. In allon tamostat ya ƙi kawowa, duba ƙofar na'urar cikin gida ko ta rufu sosai, tana da maɓallin tsaro. Sai ka duba ɗan fis mai amfiya 3 ko 5 da ke kan allon na'urar, irin na mota. Shi ne ke ƙonewa in R ta taɓa C, kuma ka maye shi da mai lamba iri ɗaya, in ba haka ba tiransifoma ne zai biya.

"Ɗana ya sa mini sabon tamostat. In na kunna ɗumi sai iska mai sanyi ta fito. Ko ya lalata na'urar ne?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, da wuya a ce wani abu ya lalace. Yawancin kamfanoni, irin su Carrier, Lennox, Trane da Goodman, suna ba bawul ɗin wuta ne lokacin sanyaya, wato tsarin O. Rheem da Ruud kuwa lokacin ɗumama suke ba shi, wato B. A sabbin tamostat gurbin ɗaya ne, O/B, a cikin saiti ake zaɓa. Ya shiga saitin ya juya shi, sai ku jira minti biyar, domin tamostat yana jinkirta kwamfiresa don kare ta. In ba a ga zaɓin O/B ba sam, to an gaya wa tamostat ɗin cewa na'ura ce ta gama-gari, sai a koma farkon saiti a zaɓi hitfam.

"Tun da na canja tamostat kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo, kuma kullum ina ganin AUX a allo."

Ɗan'uwa, hitar taimako ce ke cin kuɗinka. Hita mai kilowat 10 tana shan yunit 10 a awa guda, alhali kwamfiresa kan ba da ninki biyu zuwa uku na ɗumi a kan yunit ɗaya. Fara da waya: in ta Aux ta shiga gurbin W1 a tamostat da aka saita a matsayin na'urar gama-gari, duk lokacin da ka nemi ɗumi hita ce za ta tashi, kwamfiresa na zaune. Leƙa waje, in gida na ɗumi amma fankar na'urar waje ba ta juyawa, ka kama ɓarawon.

In wayoyi daidai suke, sai ɗabi'a. Rage ɗumi sosai da dare, a ɗaga shi digiri shida ko bakwai da asuba, yana kiran hita nan take, domin tamostat da yawa suna kunna ta da zarar tazarar ta wuce digiri biyu zuwa uku na Farenhait. Ka bar shi a lamba ɗaya, ko ka rage kaɗan. Sannan ka saita iyaka, kada hita ta tashi sai sanyin waje ya sauka ƙasa da kamar digiri 35 na Farenhait, kusan 2 a ma'aunin Salshiyas. In ka ga gidan ba ya riƙe ɗumi a haka, ka ɗaga iyakar zuwa 40.

Wanda taimakonsa murhun gas ne maimakon hita, nasa daban ne. Dole a gaya wa tamostat, don ya kashe kwamfiresa kafin gas ya kama. In suka yi aiki tare, zafin murhun zai bugi bututun gas ɗin sanyi, matsi ya hau, kwamfiresa ta wahala. Wannan saitin ka kira mai gyara ya yi shi, ya kuma gwada shi a gabanka.